Harsashi Ɗaya a Jakar Lakwal

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Juma'a, ana cikin cin kasuwar Dakoro, bindiga ta shigo gidanmu naɗe cikin tabarma. Na san lokacin daidai domin a shekarar aka ba ni agogon hannu kyautar zuwa ta ɗaya a aji, kuma ba abin da zai faru a gabana ban duba shi ba. Ina zaune a inuwar rumbu ina bitar darasi, sai ga Yaya Lawali, wana, ya shigo da tabarma a kafaɗa. Tabarma idan an naɗe ta lanƙwasa take yi a tsakiya. Wannan kuwa a miƙe take sambal, kuma ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri. Ya dube ni, na mayar da kaina cikin littafi, ya wuce ɗakin Baba.

Nasiru ɗana, kai ka sa na ɗauki alƙalami. Watan jiya da ka zo mini da maganar kana son neman bindiga saboda abin da ake ji a hanyoyin kudu, ban ce maka kada ka nema ba, na ce dai ka dakata. Sai ka yi dariya ka ce ai kowa ya san ra'ayina, tunda ni ce na sa aka sace shanun gidanmu. Ban ji haushi ba. Haka kuka ji labarin, kai da ƙannenka, haka 'ya'yan kawunku suka ji shi, kuma ni ma shekara arba'in haka na san shi. Zan rubuta muku shi bi da bi, yadda na gani, kuma abin da na sani daga baya zan bar shi a inda na san shi.

Gidanmu shi ne na ƙarshe ta arewacin gari. Bayan katangarmu sai garke, bayan garke sai gona, daga nan sai daji. Baba yana ɗan sayen hatsi a ƙauyuka yana sayarwa, amma abin da muke ci daga gona yake fitowa, gonar kuma shanun huɗa biyu ne ke riƙe da ita, ja da baƙi, muna ce musu Jatau da Duna. Yaya Lawali ne ke fita ƙauye da amalanke. Wata biyu kafin ranar tabarmar, a hanyar Mai Yara, mutum uku a kan raƙuma suka tare shi da rana tsaka. Suka kwashe buhunan, suka sare shi da takobi a kafaɗa, suka bar shi ya dawo gida a ƙasa, rigarsa ta manne da jini. Yana da shekara ashirin da biyu. Ciwon ya warke da wuri, amma dariyarsa ba ta dawo ba. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ɗauka wani mai neman rigima ne ya kawo bindigar. Mutum ne da aka wulaƙanta, ya rantse ba za a ƙara ba.

Da aka yi sallar la'asar Baba ya warware tabarmar a tsakar gida. Tsohuwar bindigar farauta ce mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a tsakiya a saka harsashi. Tare da ita akwai gwangwanin madara, cikinsa harsasai jajaye masu gindin tagulla. Yaya ya nuna wa Baba yadda ake buɗe ta, ya tura wani ɗan ƙarfe gefe, ta karye, ya mayar. Sau ɗaya ya yi. Ina leƙe ta saman littafina, na ƙirga harsasan: biyar.

Inna ta aje muciya ta ce, "Malam, wannan abin a gidan nan za shi kwana?"

"A gidan nan," in ji Baba.

"Ni dai ba a ɗakina ba."

Kaka, mahaifiyar Baba, tana kan tabarmarta tana gyaran yakuwa. Ita ba ta rasa abin faɗi, musamman ga Yaya, da take kira mijinta.

"Kai mijina, wannan sandar ta girme ka. Ka tabbata ta gaba take hitowa ba ta baya ba?"

"Tsohuwa, ranar da aka zo sace ki, ita za ta cece ki."

"Wa zai sace ni? Kai ma da ka aure ni ko goro ban gani ba."

Aka yi dariya, har Yaya ya ɗan murmusa, karo na farko tun bayan hanyar Mai Yara. Murmushin nan ne, ina jin, ya kashe bakin Inna.

Saura inda za a ajiye ta, tunda ba ta da takarda, kuma Baba ba ya son maƙwabta su gani balle maganar ta kai kunnen jandarma, jami'an tsaro. A nan aka yi kuskuren da sai irinmu za su yi. A gidajenmu na lokacin, matar gida ba ta leƙa rumbun mijinta. Ba ta sanin dami nawa ya rage, kada hankalinta ya tashi ko bakinta ya kai labari waje. Baƙo ba ya zuwa kusa, yara ba su hawa. Saboda haka a wurin Baba babu wurin da ya kai rumbu tsaro a duk duniya. Aka soke bindigar a jikin zanar rumbun daga ciki, ƙarƙashin jinka, inda mai tsawo zai iya miƙa hannu ya zaro ta, aka rataye gwangwanin a gefenta. Abin da suka manta shi ne akwai mai shiga rumbun nan sau biyu a mako, kuma ni ce. Gwiwoyin Baba sun daina hawa, Yaya kullum yana hanya, cikin sauranmu kuwa ni Baba ya zaɓa saboda dalili ɗaya: ba ni da magana. Kaka ma Bebiya take kirana. Yakan ɗaga jinkar da sanda, in taka tsani in faɗa ciki, in miƙo masa dami, in fito, ban taɓa gaya wa ko Inna abin da idona ya gani ba.

Akwai mutum ɗaya da ya kamata ku sani kafin in ci gaba, Baffa Maunde. Bafulatani ne daga wajen Azagor, dogo siriri, aminin Baba tun suna samari. Shekarar da fari ya cinye masa garke, Baba ya ba shi karsana habbanaye, wato aron da mai karɓa zai riƙe saniya har ta haihu, ya ɗauki 'ya'yan, ya mayar da uwar. Da ita ya sake tayar da garkensa. Kowace Juma'a yakan zo kasuwa ya ci abincin yamma a gidanmu. Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya: bai taɓa shigowa ta ƙofar gida da farko ba. Sai ya zagaya ta baya, ya tsaya a garke, ya shafa Jatau da Duna, ya duba kofatonsu da idanunsu, sannan ya zo ya yi sallama. Kaka takan ce masa:

"Maunde, mu ne na biyu ke nan? Sai ka gama gaida 'yan'uwanka?"

"Inna, su ba su iya cewa suna ciwo. Ke kuwa tun daga kasuwa nike jin naki."

Ni yakan kira ni Mai Takarda, ya tambaye ni ko yau na karanta inda ruwa zai sauka.

Makonni suka wuce ina shiga rumbu ina fita, bakin bindigar yana bisa kaina in na duƙa. Kowace shiga sai na buɗe gwangwanin na ƙirga, ba don wani ya sa ni ba, haka Allah ya yi ni. Biyar, biyar, biyar. Wata Talata na ƙirga na samu huɗu. Na juye su a tafin hannuna na sake ƙirgawa, na duba cikin zangarniya ko ɗaya ya faɗi. Babu. Sai na ɗaga kai na dubi bindigar, na gane inda na biyar yake. A ranar ban taɓa komai ba. Amma a shigar da ta biyo baya, ina jan wani dami da ya maƙale a jikin zana, zanar ta girgiza, bindigar ta zame ta faɗo. Gindinta ya daki katakon ƙasa, bakinta ya jingina a cikina, daidai ƙasan haƙarƙari. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ranar kaɗai ce a shekarar na manta da agogo. Daga waje na ji Baba yana cewa:

"Balki, barci kike a ciki?"

Na ɗauke ta da yatsu kamar mai ɗaukar kunama, na mayar da ita wurinta, na miƙa damin, na fito. Da na sauka na tsaya a gindin tsani.

"Baba, bindigar nan..."

"Mi ta yi?"

Ya tsaya da dami a kafaɗa yana jira. Yaya yana bakin ƙofa yana ɗaure jaki, ya juyo shi ma. Idanu huɗu a kaina. Na san kowace kalma ta maganar, da takarda aka ba ni da na cika shafi biyu.

"Ba komi," na ce.

Wannan "ba komi" ita ce laifina na gaskiya, kuma ina so ku riƙe ta. Da na yi magana, da watakila an yi mini faɗa, an gyara wurin ajiya, shi ke nan. Maimakon haka na yi abin da masu kunya suka saba, na gyara abin a ɓoye. A shiga ta gaba na tura ɗan ƙarfen nan gefe yadda na ga Yaya ya yi, ta karye, na zaro harsashin, na rufe ta na mayar. Ban sa shi cikin gwangwani ba, don kada Yaya ya ga biyar ya gane. Na ƙulle shi a bakin zanena, na kai shi cikin akwatin kompa na kayan lissafi, tsakanin fensir da abin goge rubutu, a jakar lakwal, wato makaranta. Wata guda da kwana tara ina zuwa aji da harsashi a jaka, ina zaune a benci na gaba, malamai suna yabon natsuwata. Na san Yaya yana kwana da tunanin akwai abin kare gida a shirye, na kuma san babu. Kullum nakan ce gobe zan faɗa.

Ranar da abin ya faru ita ma Juma'a ce, farkon damina, ana jiran ruwan shuka. Ƙarfe uku saura kwata gabas ta yi ja. Kun san irin hadarin nan da ke turo ƙasa a gabansa, rana ta ɓace, mutum ba ya ganin abin da ke taku ashirin. Baba yana kasuwa, kusan duk mazan unguwa suna can. Yaya ya rugo gida don ya shigar da buhunan da ke tsakar gida. Muna cikin ja da turawa, iska tana fizge zannuwa daga igiya, sai Inna da ta je kwaso itace ta bayan ɗaki ta ƙwala kira:

"Lawali! Akwai mutum a garke! Ban ga shanun ba!"

Ya saki buhun. Tsalle biyu ya kai rumbu, ya cusa hannu ƙarƙashin jinka, ya zaro ta, bai ko kalli gwangwanin ba. Na buɗe baki na kira shi, iska ta tafi da muryar, ko kuma muryar ce ba ta fito ba, har yau ban tabbata ba. Ya zagaya katanga ya shige cikin jan ƙurar. Inna ta toshe kunnuwanta tana salati. Ni ban toshe nawa ba, don na san ba abin da za a ji. Abin da nake gani a raina kawai shi ne wana tsaye gaban masu takobi da sandar ƙarfe wadda ni na mayar fanko. Minti shida ya yi. Da ya dawo ruwa ya fara sauka, fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa toka. Ya zauna a ƙasa cikin ruwan, bindigar a cinyarsa. Jatau da Duna sun tafi. An yanke igiyoyinsu.

Baba ya iso jiƙe sharkaf. A zaure Yaya ya karya bindigar a gabansa, ya nuna masa ramin.

"Na ja, ba ta tashi ba. Ba komi a ciki."

Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Mutum uku ne ke taɓa rumbun nan, biyu suna kallon juna. Ban jira a kira ni ba. Na ɗauko jakata, na buɗe akwatin kompa, na aje harsashin a kan tabarma gaban Baba. Ya daɗe yana kallonsa. Baba bai taɓa dukana ba, ranar ma bai yi ba.

"Na sa ki rumbu don ba ki da baki," ya ce. "Ashe hannu gare ki."

Kaka ce kaɗai ta ce wani abu a madadina, ita ma ba da wasa ba.

"Ku tambaye ta dalili mana. Yarinyar nan ba ta taɓa yin abu don banza ba."

Aka tambaye ni, na faɗa, da kyar, ina kallon ƙasa. Inna ta dafe ƙirji da ta ji inda bakin bindigar ya jingina. Amma dalili bai dawo da shanu ba, kuma ruwan shuka ya riga ya sauka. Kafin Asabar ta fita, duk unguwa ta san ɗiyar Malam mai karatun boko ta zare harsashi ɓarayi sun kore shanu. Baffa Maunde ma bai zo cin abinci ba a ranar. Muka ce hadari ne ya tare shi a hanya.

Damanar nan da hannu muka yi ta. Rabin gonar muka iya, sauran ta koma ciyawa. Ba wanda ya ce in bar lakwal, ni ce na sa wa kaina doka: daga asuba zuwa ƙarfe bakwai ina gona da hauya, in wanke ƙafa in ruga aji, in dawo in koma. Jarrabawar brebe, ta gama ƙaramar sakandare, na rubuta ta da tsumma ɗaure a tafin hannu, saboda kantar da ta fashe. Duk wannan bai dame ni ba kamar shirun Yaya. Muna noma kunya ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, in na gaishe shi ya amsa yana kallon hauyarsa. Mutumin da a da yake sayo mini kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, daga kowace tafiya, ya zauna ya ce in karanta masa Faransanci ya ji yadda ake lanƙwasa harshe.

Kwana tara bayan satar, da hantsi, muka ji kukan sa a bayan gida. Duna ne, ɗaure a turkensa, ya rame, ƙafafunsa duk ƙaya. Baffa Maunde yana tsugune a gefensa, takalmansa sun yage. Ya bi sawu shi kaɗai har can arewa, ya sami mutanensa a rijiyoyi suka taya shi, suka karɓo ɗaya. Jatau an riga an wuce da shi. Baba ya rungume Baffa yana hawaye. Aka kawo fura, ya kurɓa kaɗan. Na lura ya ja Yaya gefe sun yi magana gajeriya a bakin garke, Yaya kansa a sunkuye, na ɗauka jaje yake yi masa. Juma'ar da ta biyo ya zo da 'yar akuya ja, ya miƙa mini igiyar a gaban kowa.

"Mai Takarda, habbanaye. Ki riƙe ta ta haihu."

"Maunde, ladan mi?" in ji Kaka. "Ko yanzu wanda ya ɓatar da sa ake ba akuya? Bari in je in saki Duna ni ma."

"Inna, ke ba ki iya ƙirga ba. Ita ta iya."

Aka yi dariya, ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka, don na ɗauka tausayina ya ji. 'Ya'yan akuyar nan su suka yi mini kayan tafiya Maraɗi lokacin da na ci makarantar horon malamai.

Game da bindigar, bayan girbi na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sami Baba shi kaɗai, na rubuta abin da zan faɗa a takarda don kada in sake cewa ba komi, na karanta masa kamar mai karatu a aji. Na ce in za a riƙe ta a nemi takardarta, a fitar da ita daga rumbu, kuma kada ta kwana da harsashi a ciki. Ya saurara har ƙarshe. Ni na rubuta takardar neman izini da Faransanci, sau uku ina sakewa saboda ɗigon tawada. An yi ta kai da komo, ta hannun mai unguwa, har aka samu. Aka yi mata akwati mai kwaɗo a ɗakin Yaya. Da aka zo maganar harsasan, Yaya ya ce wa Inna, ba ni ba, ko da yake ina zaune a wurin:

"A ba Balki ta riƙe. In ana so, a tambaye ta."

Na ji maganar kamar mari. Na ɗauka gatse ne, wato tunda ke ce mai iko, ga su nan. Amma na karɓa, na riƙe. Daga ranar doka ta zauna a gidanmu: bindiga a hannun mutum ɗaya, harsashi a hannun wani, sai bakinsu ya zo ɗaya. Sau biyu aka tambaye ni kafin in bar gida, sau biyun na bayar bayan na ji dalili, kuma sama aka harba, ɗaya don kura, ɗaya don wasu da suka yi ta zagaya garken maƙwabta. Da na tafi, gwangwanin ya koma hannun Inna.

Kada ku ce kawunku ya yi mini rowar zumunci. Shi ya raka ni Maraɗi da akwatina a kansa. Bayan rasuwar Baba shi ya tsaya a kan komai nawa, shi ya yi maka huɗuba, Nasiru. Amma shekara arba'in bai zauna hira da ni ba, kuma bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ni kuma na karɓi hakan a matsayin hakkina. Na koyar da yara ajin farko har na yi ritaya, ina gaya musu kullum wanda ya ga abu ya faɗa, alhali ni akwai tambaya ɗaya da na kasa yi wa ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya.

Maganarka ce ta tayar da ni. Washegarin ranar da ka tafi, ƙarfe tara da rabi na safe, na yafa mayafi na nufi tsohon gidanmu. Yanzu gari ya wuce shi, inda garke yake an yi shaguna. Na sami Yaya a ƙofar gida kan kujerarsa, gemu fari, yana jan carbi. Muka gaisa yadda muka saba, yana kallon titi. Maimakon in wuce ciki wurin iyalinsa, sai na jawo benci na zauna a gabansa.

"Lahiya, Balki?"

"Lahiya lau, Yaya. Nasiru ne ke son bindiga. Na ce ya dakata, ya ce ai ni ce na sa aka sace shanunmu."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Tambaya gare ni, tun ina 'yar sha bakwai nike riƙe da ita. Don Allah ka gaya mini gaskiya, ko mi ce ce zan ɗauka. Da na bar harsashin nan a ciki, da Jatau ya tsira?"

Wani mai ruwa ya wuce da kurarsa, aka yi masa sannu. Sannan Yaya ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, ya dube ni cikin ido. Sai a ranar na ga idanunsa irin na Inna ne.

"Shanun sun tahi tun kahin in kai," ya ce. "Mutum guda na iske a garke, duƙe, ya ba ni baya, rawani ya ruhe mishi kai, guntun igiya a hannunshi. Taku goma tsakaninmu. Ban yi magana ba, ban tambaya ba. Na saita tsakiyar bayanshi na ja. Ta ce ƙyas. Sai ya waiwayo ya sauke rawanin."

Ni kuwa na riga na tuna wanda ke fara zagayawa ta garke kowace Juma'a.

"Baffa Maunde ne, Balki. Sawu yake dubawa. Ya dube ni, ya dubi bindigar, ya ce, sun yi arewa, ɗana, koma gida ruwa na zuwa. Ranar da ya kawo Duna ya tambaye ni wa ya cire, na gaya mishi. Ya ce kada in faɗa wa Baba abin da ya faru, zai kashe mishi zuciya. Na laɓe bayan maganarshi, na bar ki da kayan. Baba ya rasu, Baffa ya rasu, ban da sauran hujja, kunya dai. Ba hushi nike da ke ba, ko na yini guda. In na dubi idonki bayan Baffa nike gani."

Ya share fuska da bakin rawaninsa.

"Sa guda muka rasa. Ni kuwa kin bar ni mutum. Ki yahe mini. Ki turo mini Nasiru, da bakina zan ba shi labarin, shi da nawa duka. In ya ji ya ga har yanzu shina so, ya nema da takarda, ba zan hana shi ba. Amma ki ce mishi kahin ya nemo bindigar, ya hwara nemo wanda zai riƙe mishi harsashin."